Hoton Da Suka Rataye Ba Na Abokina Ba Ne

Malama, ki taimake ni da shawara, wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Ni ban yi makaranta ba, telan ƙofar gidana ne yake rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini zance.

Tsohon soja ne ni. A bakin daga ina da abokin rami da muke kira Gwangwani, saboda duk inda aka yada zango sai ya ciro gwangwanin madara ya dafa mana shayi. Ni ke ɗaukar babbar bindiga, shi ke ɗaukar harsasanta. Mutum ne mai barkwancin tsiya, ana ruwan wuta yana tambayata ko na zo da laima. Wata safiya muna tsallaka fili harsashi ya same shi a wuya. A cinyata ya cika. Allah ya jiƙansa.

A rundunarmu, abokin rami shi ke kai jakar mamaci gida da hannunsa. Na kai. Yayansa ya tare ni a bakin ƙofa, ya karɓi jakar, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ga ni na dawo ko ƙwarzane babu. Ko ruwa bai ba ni ba. Matar abokina tana ɗaki da tsohon ciki, ban samu na yi mata gaisuwa ba. Na rantse ƙafata ba za ta sake taka gidan ba, kuma sama da shekara arba'in ban karya ba. Ni ba a yi mini haka.

Watan jiya sai ga wata mata da ledar lemo, wai ita ce cikin nan. Uwarta ta rasu tun tana goye, yayan nan ne ya raine ta. Ta nuna mini a waya hoton babanta da suka rataye a falo, wanda aka yanko daga hoton rundunarmu na cikin jakar, aka ƙara masa girma. Malama, ba shi ba ne! Kofur ɗinmu ne mai rabon abinci, marowacin da Gwangwani ya fi tsokana. Yayan ne ya nuna shi, don bai taɓa ganin ƙanensa da askin soja da hula ba. Abokina yana layin baya, fuskarsa dishi-dishi, ya juyo yana yi mini dariya.

Ta ce har ana cewa autanta ya ɗauko hancin kakansa. Hancin kofur! Na mayar mata da wayarta. Tana so in je in ba yaranta labarinsa. Gidan nan dai ne, kuma yayan yana nan da ransa, ita ke jinyarsa. Na ce sai ya fara ba ni haƙuri. Matata ta ce kaina ya fi hular ƙarfen da na sa tauri. To in faɗa mata in rushe mata uban da ta sani, ko in mutu da bakina a bar kofur a bango?

Tsohon soja mai ciwon gwiwa

AMSA

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya gafarta wa abokinka.

Abin da aka yi maka a bakin ƙofa bai dace ba, ba zan rage masa nauyi ba. Amma ka tuna mutumin nan jakar ƙanensa aka miƙa masa a madadin ƙanen, kuma shi ya raini marainiyar har ta zama uwa. Baƙin ciki ne ya yi magana da bakinsa. Ita kuwa ba ta yi maka komai ba, ba a ma haife ta ba.

Ka faɗa mata gaskiya, amma ba a gaban yara ko baffanta ba. Ka kira ta gidanka, ka ce ta zo da ainihin hoton rundunar. Ka fara ba ta labarinsa har ta yi dariya, sannan ka ɗora yatsa a layin baya. Za ta yi kuka, ka bar ta. Fuska kawai za ta canza, a madadinta za ta samu mutum. Mai hoto zai iya gyara abin da zai gyaru. Kuma ka sassauta wa kofur, shi ma wataƙila uban wasu ne.

Rantsuwa tana da mafita, ka tambayi malamai. Haƙurin da kake jira kuwa, kada ka sa shi sharaɗi. Da kai da dattijon nan babu mai lokacin jira. Ka shiga ka gaishe shi, kada ka ƙure shi a kan kuskuren hoton. In ya ba da haƙuri, madalla. In bai bayar ba, ai ba wurinsa ka je ba.

A duniya kai kaɗai ka rage da ka san yadda abokinka yake magana, kuma jikokinsa suna jira. Ka je cikin makon nan. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka fito daga gidan nan da zuciya wasai.