Motarku Ta Wuce Ƙofar Mata Ba Ta Tsaya Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kai mu yawon buɗe ido Kano,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da motoci duk suna lafiya. Na yi ta sintiri ofishinku ana ce mini ka fita neman mai, shi ya sa na kawo maganar fili.

Ni tela ne a Hausari, nan Potiskum. Mahaifiyata haifaffiyar Kano ce, babanta marini ne a Ƙofar Mata. Tun da fatauci ya kawo su nan ita da mahaifina ba ta sake komawa ba, ga shi yanzu ido ya yi rauni, tafiya sai da sanda. Da na ji lasifikarku ranar kasuwar shanu tana shelar za ku kai mutane su ga Dala, Kurmi da marina bayan Babbar Sallah, har da mai bayani, sai na yanki tikiti biyu. Burinta guda ne, ta sake tsayawa bakin ramin da babanta ya yi rini.

Na ɗaya, kaya. Na san a garinmu abin kunya ne mota ta tafi fanko, amma mu yawo muka biya, ba rakiyar wake ba. A kan buhunan wake muka ɗora ƙafa, aka sauke wasu buhunan a Azare, wasu a Wudil, isar hantsi ta zama ta azahar.

Na biyu, mai bayaninku. Mutumin kirki ne, sai dai tsohon kwandasta ne. Tarihin Kano a wurinsa shi ne inda ake samun taya mai araha da inda tuwo ya fi auki. Dala ma ta taga ya nuna mana, ya ce dutse ne kawai, akwai irinsa a hanyar Fika.

Na uku shi ne mai ciwon. Fasinjoji suka roƙi a ɗan biya Kantin Kwari, direba ya yarda. Ranka ya daɗe, wa yake sakin ɗan Potiskum a Kwari ya ce yanzu zai dawo? Sai la'asar sakaliya aka tattaro su, kowa da ƙunshin atamfa, masu yawon tarihi duk sun koma 'yan sari. A hanyar fita muka bi ta Ƙofar Mata. Tsohuwa ba ta gani sosai, amma hancinta lafiya lau. Ta ji warin baban rini, ta damƙe hannuna, ta fara laluben sandarta. Na yi magana, na buga jikin mota, direba ya ce ba zai bari dare ya yi masa a hanya ba, ya ƙara wuta. Har muka wuce Wudil sandar tana hannunta. Wallahi abin ya ci mini rai.

Ba kuɗina nake nema ba. Roƙona shi ne ku nemo mai bayani wanda ya san Kano, ku bar Kwari sai ƙarshe, sannan duk ranar da motarku za ta koma, ko da wake ne, ku ba mu kujera biyu ku tsaya a marina. Kada dai ku ce sai baɗi. Mai shekarunta ba a yi mata alkawarin baɗi.

Allah ya ƙara kasuwa, ya kiyaye hanya, ya ba ka ikon yi wa naka iyayen abin da suke so tun suna raye.

Wassalam.

Sabo Tela,
Hausari, Potiskum.