Birkin Jirgin Ruwa

Daren Laraba, Kudan

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina rubuta labarin soyayya, saurayin ciki sojan ruwa ne, ni da ban taɓa ganin teku ba.

Yau abokin Baba, Alhaji Tanimu, ya sauka gidanmu. Tarihin sojojin ruwa yake rubutawa, yana kuma haɗa marubuta da masu buga littattafai. Na durƙusa ina ajiye masa fura, sai ya ce a hankali, "'Yata, jirgin ruwa fa ba shi da birki."

A babi na biyu na labarina ne saurayin, Kamal, ya taka birki da ya hango masoyiyarsa a gaɓa. Wa ya nuna wa Alhaji rubutuna? Yaya Hadiza nake zargi, tun jiya take min wani murmushi. Shi ma ban yarda da shi ba, an ce irinsu kan sayar da labari da sunan wani.

Amma dai ya karanta har babi na biyu. Na rubuta masa wasiƙa: ya gyara min jirgin, ya bar sunana a kan labarin, kada Baba ya ji. Gobe da hannuna zan miƙa masa.