Hoton da Inna Ta Ɗaga Ido

Kaura Namoda, 3 ga Afrilu, 2000

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida maigidanki Malam Dauda da yara, da fatan zafin Zurmi bai dafa ku ba.

Ga kyamarata nan a hannun Sanda direba, da fim guda biyu. Kin ce tun da aka ƙaddamar da Shari'a matan garinku ba su yarda namiji ya ɗauke su hoto, mace 'yar'uwarsu suke nema. To, faɗuwa ta zo daidai da zama, don na rufe shagona na bakin tashar jirgi. Likita a Gusau ya ce ba yana ba ce balle a kankare, hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kayansa.

Shekara talatin da biyar ina wannan sana'a. Na tuna lokacin da jirgi ke shigowa da kukansa, 'yan mata su ci kwalliya su jingina da tarago, ni kuwa ina ta "kar ki motsa". Amma innarki Asta, wadda muka yi shekara bakwai tare kafin zuciya ta ɗebe ni na sake ta, sau ɗaya tak na ɗauke ta, da tsakar rana, ina sabon koyo. Idanunta suka fito ramuka biyu baƙi ƙirin. Ta yi ta dariya, wai na maishe ta mujiya. Na ce gobe zan sake, goben da har yau ba ta zo ba.

Ki tafi Shinkafi ki fara koyo a kanta, ki aiko mini. Ba wani abu nake nema ba, mun tsufa. Fuskar nake son gani kafin fitila ta mutu. Ki guji tsakar rana, ki jira la'asar.

Ki huta lafiya.
Babanki, Labbo Mai Hoto

Zurmi, 21 ga Afrilu, 2000

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina yi maka sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Na yi kuka da na karanta batun idon, kuma na ji haushin ɓoye mini da ka yi.

Na je Shinkafi ranar Alhamis da motar 'yan kasuwa. Ga hotunan nan, an wanko su, kar ka yi mini dariya. Na jira la'asar kamar yadda ka ce. Inna ta sa farin hijabinta sabo, na tsai da ita jikin bangon da aka shafa wa farar ƙasa don ya yi tsabta. Ka ga abin da ya fito: hijabi yana tsaye shi kaɗai, fuskar kamar bakin tukunya.

Amma Baba, ka manta abu ɗaya. Ni ce ɗiyar fari. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba, kuma ka san ba a Shinkafi aka fara wannan kunya ba. Na ce, "Inna, dube ni." Sai ta juya wajen Rahma, matar Kawu, ta ce, "Ku hwaɗa ma waccan ta ɗauki abinta ta tahi, ni awakina ba su sha ruwa ba." Hoto talatin da shida, a goma tana kallon ƙasa, a sauran tana kallon awaki. Saura fim ɗaya. Yaya zan yi?

Ka gaida mutanen gida.
Ɗiyarka, Fatimatu

Kaura Namoda, 2 ga Mayu, 2000

Uwani,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariyar, ki yafe mini, har tari ya sarƙe ni. Kyan ɗa ya gaji ubansa: ni na yi mujiya, ke kin yi tukunya. Awakin dai sun fito ras.

To, buɗe kunne. Kyamara wawiya ce, in ta ga fari da yawa sai ta tsorata ta runtse ido, fuskar mutum ta yi duhu. Ki raba ta da bangon nan. Ki zaunar da ita a bakin inuwar zaure, inda haske ke shigowa ta gefe, ba ƙarƙashin dalbejiya ba, don ganye kan yi wa fuska dabbare-dabbare. Zoben nan mai lambobi da ke jikin gilashi, ki juya shi daga takwas zuwa huɗu. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofar haske. Kar ki taɓa fitilar kyamara, fuska takan yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ki nemo babban farantin silba, Rahma ta riƙe shi ƙasa-ƙasa, ya tari rana ya maida ita a fuskar.

Batun kunya kuwa, laifina ne da na manta. Ni na sami mafaka, tunda sunan mahaifiyata kika ci nake ce miki Uwani, ita ba ta da inda za ta fake. Kar ki sake ce mata ta dube ki, kin ɗora mata dutse. Maigidana da ya koya mini aiki, da akwatin katako yake ɗauka, yana cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. A gabansa na ga matan da ba su iya haɗa ido da kowa suna ɗaga kai, don ba mutum suke gani ba. Ki lulluɓe kanki da kyamarar gaba ɗaya da zane, gilashin kaɗai ya leƙo, sannan ki yi shiru.

Ki hanzarta, Uwani. Wannan takarda da ƙyar na ga layinta.

Babanki

Zurmi, 19 ga Mayu, 2000

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, da fatan jiki da sauƙi.

Na koma Shinkafi. Na shimfiɗa tabarma a bakin zaure na ciki, na juya zoben zuwa huɗu. Da na tambayi faranti, Rahma ta ɗauko na roba. Inna ta ce, "Wanga mi za ya yi?" Ta shiga ɗaki ta daɗe, muna jin tana jan akwati. Ta fito da wani farantin silba mai zanen ganye a baki, gefe ɗaya a lotse, ta goge shi da toka har ya ɗauki ido. Rahma ta miƙa hannu, ta hana ta. Ita ta ɗora shi a cinyarta da kanta. Ban faɗa mata wanda ya sa aikin ba, amma ta ce wa Rahma, "Mai kyamarar ga, an ce idonai na ciwo?"

Na lulluɓa da zane na yi shiru. Zafi kamar cikin tanda, gumi yana shiga mini ido. Ta dubi ƙasa, ta dubi awaki, ta gyara hijabi. Can sai ta ɗaga kai. Baba, shekarata talatin da uku, ban san idon Inna ruwan zuma ba ne sai ranar. Hasken farantin ya hau fuskarta, ta tsaya tana kallon gilashin, ba ta ƙifta ba. Na ɓata guda biyar kafin na sami ɗaya. Da na gama na kasa fitowa daga cikin zanen, don kuka nake. Na ji ta ce, "Ku ba waccan ruwa ta sha, ta gaji."

Na sa an wanke shi babba don ka iya gani. Ɗaya ne ya fito da kyau, shi ne wannan. Allah ya sa bai makara ba.

Ɗiyarka, Fatimatu

Kaura Namoda, 26 ga Mayu, 2000

Uwani,

Gaisuwa. Sanda ne ke rubuta mini, hannuna ya daina bin layi.

Bai makara ba. Na fita da shi ƙofar gida da hantsi, na sa gilashin da nake duba fim, na bi shi kaɗan-kaɗan har azahar. Na gan ta. Farantin ni na sayo mata a kasuwar Kaura makon da aka haife ki, lotsewar ma ni na yar da shi. Na gode wa Allah, na gode miki.

Amma ga hoton nan na maido miki. Shekara bakwai na zauna da Asta, na san kallon da take yi mini, da na so da na faɗa. Wannan ba shi ba ne. Ta san wanda ke cikin zanen. Farantin ne nawa, kallon naki ne, ki ajiye abinki.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki