Akwatin da Ba a Saka Cikin Gado Ba

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, babu kuma mai karanta maka ita. Zan dai rubuta.

Mutane na zaton ranar da anka kai ka makwanci ita ce ta juya mini rayuwa. Ba ita ba ce. Ran nan kuka kawai na yi. Wata Asabar ce, ina wata biyu cikin takaba, da la'asar yaran unguwa sunka taru a zaure, daidai lokacin da ka saba koya musu lissafi. Babu wanda ya kira su. Kowa ya zauna wurinsa. Na leƙo na gan su, sai na jawo akwatinka na buɗe don hannuna ya sami abin yi.

Ka san ban taɓa buɗe shi ba? Shekara uku ina tsallake shi in ɗauko littattafaina na soyayya. Na iske sillen kara an yanka tsawo ɗaya, an ɗaure goma-goma da zare. Ga ƙwallon dabino cike da gwangwani, ga ƙayar aduwa, ga turke da igiya. Rabi, 'yar maƙwabcinmu mai ɗinki, ta haɗa kara huɗu da ƙaya ta ce in tura. Na tura, ya karkace. Ta haɗa uku, na tura, ya ƙi motsi. Ta ce wannan ita ce alwatika, kuma saboda haka ne ake gicciya itace a bayan ƙyaure. Sannan sunka nuna mini ɗebe bakwai daga talatin da biyu: sai ka kwance dami ɗaya. Malam, na gama sakandare a Goronyo ina haddace "a aro ɗaya", ban san mi ake arowa ba, ban san daga wa ba. Ashe dami ake kwancewa. Don mi ba ka taɓa zaunar da ni ka nuna mini ba? Ko ka gwada, ni ce na ɗaga littafi na rufe fuska?

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ka tuna daminar da ka shanya kara ɗari bisa tabarma, kwana biyu kana yanka su, ka dawo daga makaranta ba ko ɗaya? Ka ce akuyar mahaifiyarka Inna ce, ka ɗaure ta mako guda. Ba akuya ba ce. Itace ya jiƙe, ni kuma karatu ya ɗauke ni har azahar ban ɗora tukunya ba. Da su na hura wuta. Ka ci tuwon har kana yabawa. Na bar ka ka sake yanka wasu, ina kallonka, a raina ina cewa mazan cikin littafi turare suke kawo wa matansu, nawa kara yake ferewa. Ka yafe mini. Akuyar na riga na ba ta dusa na roƙe ta.

Labarin gida kuwa, 'yarmu Nana ta fara tafiya, kuma duk ƙwallon dabinon da ta samu sai baki, sai na tsare. Gwiwar Inna na nan yadda ka bar ta. Albasa ta yi kyau bana a fadama, kuma daga nan rigimar ta taso.

An raba gadonka. Babur, tufafi, gona, duk an lissafa. Da anka zo ga akwatin, yayanka Sanda ya ɗaga murfin da ƙafa ya ce tarkace ne, kada a ɓata wa malamai lokaci. Ba a rubuta shi ba. Yanzu yana son zauren ya zuba albasa, ya ce a juye karan a murhu, ni kuma ranar Juma'a, idan na fita takaba, in tattara in koma Goronyo. Da ya ji yara na zuwa wurina, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai matar da ke ƙona miya saboda labarin soyayya, wadda ta faɗi lissafi sau biyu, ita ce za ta gaji malami.

Ban ɗaga masa murya ba, yayanka ne. Amma na gaya masa a gaban Inna cewa abin da ya kira tarkace, ya hana a rubuta, ba shi da bakin cewa a ƙone shi. Na ɗauke akwatin, nawa ne da Nana. Faɗuwa kuma na faɗi, sau biyu, ban musa ba. Wa ya fi ni sanin inda yaro ke ɓacewa? Kai lissafi bai taɓa ba ka tsoro ba. Ni ya ba ni.

Zaure nasu ne, ya zuba albasarsa. Jiya na kafa turkenka a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, yara sunka ja igiya sunka zana da'ira a ƙasa, irin yadda masu ginin rumbu ke yi. Inna na zaune tana kallo. Da munka gama sai ta tashi da kanta ta janye turminta daga cikin zanen, ta ce ba inda za ni, ɗakinta ya ishe mu mu uku, ita da ni da Nana.

Ba ni da takardar malanta, kuma akwai abubuwa a ƙasan akwatin da har yau ban gane amfaninsu ba. Zan tambaya. Littattafaina ma ban daina karantawa ba, kada ka zata na daina.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Na aika wa Baba a Goronyo kada ya turo mota. Ina nan Wurno, kuma Asabar da la'asar akwai darasi.

Matarka,
Balkisu