Rasuwar Barba Zvane Kučić, Mai Gadin Ungulayen Tsibirin Supovac

Cikin alhini, da faɗuwar gaban da ba za mu ɓoye ba, Hukumar Gandun Tsuntsaye ta Tsibirin Supovac ta samu labarin rasuwar dattijo mai daraja, babban mai gadin gandun, kuma matuƙin jirgin ruwanmu ɗaya tilo, Barba Zvane Kučić, wanda ya rasu ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya fara wannan aiki tun lokacin da ake yi wa mai kare ungulu kallon taɓaɓɓe. Shi ya lallashi makiyaya su daina binne mushen tumaki, su riƙa kai wa tsuntsayen kan dutse. Duk bazara kuma, idan ƙarar jiragen ruwan masu yawon buɗe ido ta firgita 'ya'yan ungulu suka faɗo teku daga sheƙa, shi ke tsamo su da ragar kifi, ya naɗe su cikin rigarsa. Babu matuƙin da bai sha faɗansa ba: "Kai ɗan Roko, rage kiɗan nan. Tsuntsun bai iya iyo ba, kamar ubanka."

Manyan da ba su taɓa taka tsibirin ba sun aiko da furanni masu yawa, mun gode. Har yanzu dai ba a aiko da wanda zai gaje shi ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, uwarmu Šjora Dume, da 'ya'yansa, Frane da Tonka, da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Saura roƙo guda. Ƙungiyar masunta ta sanar cewa ranar Asabar za ta raka gawarsa bisa al'ada, wato jirage su zagaya tsibirin suna busa ƙaho. Mun san ƙauna ce. Sai dai hanyar ta bi ta gindin dutsen arewa, inda 'ya'yan ungulun bana suke bakin sheƙa, fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Da amincewar Šjora Dume, muna roƙon masu girma matuƙa su rage gudu, su wuce wurin shiru, su adana busar sai an shiga tasha. Idan ɗaya ya faɗo ranar, mai tsamo shi yana kwance cikin akwatin gawa a jirgin gaba.

Dakta Vedrana Sučić
Kakakin Hukumar Gandun Tsuntsaye ta Tsibirin Supovac