Mai Goge Gilashin Damisa

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ƙafarta? Ruwa ya janye daga gonarmu ta Kirikasamma?

Lafiyata lau, sai sanyi. Hoton damisar ƙanƙara da kuka rataye, kuna cewa dutse na hau na ɗauko, a gidan zu na ɗauke shi. Aikina goge gilashin kejinta, don hotunan Turawa su fito tas. Ina gamawa sai su yi min hannu in kauce.

A gida ana cewa damisa ƙi sabo. Wallahi wannan ta saba, har hamma take musu. Ni ne shekara uku na kasa.

Kada Inna ta ji. A bar hoton inda yake.

Ƙaninki,
Yunusa