Mayafin da Abu Samir ya saya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙafar Inna? Mu nan unguwarmu ta Karantina sai godiya.

Kin tuna Abu Samir, mutumin Sham da nake aiki a gidan burodinsa? Da shugaban ƙasarsu ya rasu, ya haɗa akwati zai je ganin tsohuwarsa, bayan shekaru yana gudun hijira. Har barka na yi masa, na ce ai jamhuriya ce, ba gadon mulki ake yi ba. Sai aka ɗora ɗan marigayin a kan mulki. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Usman, gidan bai canza ba."

Jiya ya kwance akwatin, ya ba ni mayafin da ya saya wa tsohuwar, wai in aika wa Inna. Ban sani ba ko daidai ne da na karɓa. Ga shi nan. In ta yafa, ta sa su a addu'a.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Usman